Laushin fedar birki a motar lantarki

Laushin fedar birki shi ne yanayin da direba zai taka birki ya ji fedar ta nutse fiye da yadda ta saba, ko ta yi lumbu-lumbu kafin motar ta fara tsayawa. A motar lantarki ma kusan kullum matsalar tana wajen man birki da hanyoyinsa ne, ba wajen batir ko injin lantarkin ba. Sai dai a irin wannan mota laifin yakan daɗe a ɓoye.

Dalili kuwa, motar lantarki birki biyu gare ta. Da direba ya ɗaga ƙafa daga totur ko ya taka birki a hankali, injin ne ke rage gudu, yana mayar da ƙarfin tafiyar zuwa batir. Birkin mai, wato masta (silindar da feda ke tura mai daga cikinta) da bututu da kalifa (abin da ke matse fad a jikin faifan taya) da fad da faifai, ba ya shiga aiki sosai sai an taka da ƙarfi ko gudu ya yi ƙasa ƙwarai. Idan batir ya cika maƙil ko ya yi sanyi sosai, injin yakan rage wannan taimako, sai nauyin ya koma kan birkin mai. Shi ya sa wasu ke fara jin laushin da safe bayan cikakken caji, alhali laifin ya daɗe.

Bambance alamu

Tunda babu injin fetur da zai samar da zuƙar iska, ana taimakon ƙafar direba da famfon lantarki ko da busta mai ƙaramin injin kanta, kamar iBooster na kamfanin Bosch da ya fito a 2013, wanda Tesla Model 3 ke amfani da shi. Idan busta ta mutu, ko ƙaramin batir mai bolt 12 ya yi rauni, feda tauri take yi, fitilun gargaɗi kuma su kunnu. Saboda haka canza busta don maganin laushi galibi asarar kuɗi ne.

Gwajin farko a tsaye ake yinsa, mota a kunne. A taka feda sau huɗu ko biyar a jere. Idan ta ƙara tauri tana tasowa, akwai iska a layin, ko kuma boris ɗin taya ya yi wasa har faifai yana tura fistin baya. Sannan a danne ta da matsakaicin ƙarfi na daƙiƙa 30. Idan ta riƙa sulalewa ƙasa a hankali, ko dai mai na yoyo, ko robar cikin masta ta ci. Ana raba biyun da duba tankin mai: yoyo yana rage man, ya bar danshi a bayan taya, a mahaɗin tiyo ko a jikin kalifa, amma robar masta ba ta rage ko ɗigo. Motar da ke yoyo ba a tuƙa ta, ɗaukarta ake yi.

Wannan gwaji ba ya aiki daidai a motocin da fedarsu ba ta tura man kai tsaye, kamar masu tsarin MK C1 na Continental. A can wata 'yar na'ura ce ke kwaikwayon taurin feda, don haka sai an karanta lambobin laifi da na'urar bincike.

Man birki da kalifa

Man birki yana shan danshin iska. Sabon man birki mai lambar DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 na Salsiyas, amma idan ruwa ya kai kusan kashi 3.7 cikin ɗari, ma'aunin ya sauko 155. Na DOT 3 kuwa 205 ne da 140. A doguwar gangara ruwan yakan zama tururi, tururi kuma yana matsuwa, sai feda ta tafi ƙasa, ta dawo daidai bayan an huce. Idan abin gwaji ya nuna ruwa ya kai kashi 3, a canza man gaba ɗaya. Kamfanoni da yawa sun sa shekara biyu. Tafiyar mota kaɗan ba ta tsawaita wannan wa'adi.

Laifin da ya fi damun birkin motar lantarki shi ne tsatsa. Rashin aiki yana sa fil ɗin da kalifa ke zamewa a kai ya cije, fad ya zauna a karkace, sai rabin takun ya tafi a banza wajen miƙe shi. Alamarsa fad ɗaya ya fi ɗan'uwansa cinyewa. Tesla ta ce a wanke kalifa a shafa mata giris duk shekara ko kilomita 20,000 a ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin hunturu. Giris mai silikon ake sawa, domin na fetur yana kumbura roba. Tiyon da ya tsufa ma yana kumbura idan an taka, kuma ana ganinsa da ido.

Fitar da iska

A ɗaga motar a wuraren da kamfani ya ware kawai, domin batir yana shimfiɗe a ƙasanta, kuma kada a taɓa wayoyi masu launin lemu: suna ɗauke da bolt 400, wasu 800. A sa motar a yanayin gyara kafin a kwance kalifa, tunda wasu motoci suna matsa mai da kansu da zarar an buɗe ƙofar direba, birkin hannu na lantarki kuma sai an janye shi ta kwamfuta.

A zuƙe tsohon mai daga tanki, a cika da irin wanda aka rubuta a murfi. Lita ɗaya takan isa. DOT 5 na silikon ne, ba a haɗa shi da DOT 3, 4 ko 5.1. A ɗaura injin matsa mai a kan tankin, a kan matsin bar 1 zuwa 2, a sa siririn tiyo mai haske a bakin notin iska, a sassauta kwatan zagaye har sai mai ya fito garau babu kumfa. Tsohuwar ƙa'ida ita ce farawa da tayar da ta fi nisa da masta, amma littafin motar ne ke da magana ta ƙarshe. Kalifa mai noti biyu duka biyun ake buɗewa. Kada tanki ya bushe, in ba haka ba aiki ya koma farko. Idan iska ta shiga akwatin ABS, wato na'urar da ke hana taya cijewa idan an taka birki, tattaka feda da ƙafa ba zai fitar da ita ba, sai na'urar bincike ta buɗe bawul-bawul ta kunna famfon akwatin, sannan a sake zagaye tayoyin huɗu.

Bayan an gama, a taka feda har ta yi tauri kafin a motsa motar, a goge man da ya zuba domin yana cin fenti, sannan a gwada a fili da ƙaramin gudu, an rage birkin injin zuwa mataki mafi ƙasa idan motar ta ba da dama.