Fafutukar kare lafiyar jama'a daga gubar yuraniyom a Arlit

Fafutukar kare lafiyar jama'a daga gubar yuraniyom a Arlit gwagwarmaya ce da ma'aikatan haƙar ma'adinai da mazauna garuruwan Arlit da Akokan, a jihar Agadas ta Jamhuriyar Nijar, suka soma a farkon shekarun 2000, da taimakon wasu masana da lauyoyi da ƙungiyoyin kare muhalli daga Turai. Buƙatunsu ba su canza sosai ba tun daga lokacin: a auna tururin nukiliya da ke cikin ruwa da ƙasa da iskar garin, a faɗa wa jama'a sakamakon, a kwashe gurɓatattun kayan da suka shiga gidaje da kasuwa, a kuma biya diyya ga waɗanda aikin ya yi wa lahani. Ana lissafa ta cikin fitattun misalai a Afirka na yadda haɗarin makamashin nukiliya ke farawa tun daga ramin haƙa, nesa da tashoshin da ke ba da wutar lantarkin.

Garin da ma'adini ya haifa

A 1957 masu binciken ƙasa na Faransa, suna neman tagulla, suka ci karo da yuraniyom a Azelik. Binciken da ya biyo baya ya kai su yammacin duwatsun Abzin, inda aka kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara fitar da ma'adini a 1971 daga buɗaɗɗun ramuka. Kamfanin COMINAK kuma an kafa shi a 1974, ya fara aiki a 1978 a wani rami mai zurfin kusan mita 250 a ƙarƙashin ƙasa, kusa da Akokan. Babban mai hannun jari a duka biyun shi ne kamfanin gwamnatin Faransa, wanda aka sani da Cogema, daga baya Areva, sannan Orano tun 2018. Gwamnatin Nijar tana da nata kason.

Kafin zuwan kamfanonin, wurin makiyayar Abzinawa ce. An gina Arlit saboda ma'adinin, mutane suka yi ta kwararowa daga Tawa, Maraɗi, Damagaram da sauran sassan ƙasar, har Hausa ta zama harshen kasuwa da tasha. A ƙidayar 2012 mutanen garin sun kusa 80,000. Kafin juyin mulkin 2023, hodar yuraniyom mai launin ɗorawa da ake tacewa a nan, a cikin ganguna ake loda ta, manyan motoci su bi ta Agadas da Tawa har tashar jirgin ruwa ta Kwatano, daga can sai Faransa, ƙasar da ke samun kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta daga nukiliya.

Wani abu game da tsarin garin ya dace a riƙe shi, domin shi ne tushen rigimar. A lokacin da fafutukar ta fara, kamfanonin su ne masu ɗaukar aiki, su suka haƙa rijiyoyin da ake sha, su suka gina manyan asibitoci biyu na garin suna biyan likitocinsu, kuma su ne ke da na'urorin auna tururi. Wuƙa da nama duk suna hannu ɗaya. Duk wanda ya yi zargin cewa aikin ne ya sa shi ciwo, wurin likitan kamfanin zai je ya ji amsa.

Inda haɗarin yake

Dutsen Arlit ba shi da yuraniyom mai yawa. Bai kai kashi 1 cikin 100 ba, wato a tan guda na dutse kilo kaɗan ake samu. Ana niƙa dutsen, a jiƙa shi da ruwan asid, a tsame yuraniyom, sauran kuma a zubar. Wannan dusar da ta rage ita ce babbar matsalar, don kusan kashi 85 cikin 100 na tururin da ke cikin dutsen tun asali yana nan a cikinta. Tacewar ba ta cire sinadaran toriyom-230 da radiyom-226. Na farkon sai ya shekara kusan 75,000 kafin rabinsa ya lalace, na biyun shekara 1,600.

Radiyom kuwa shi ke haifar da radon, wata iska da ba ta da launi ba ta da wari. A fili iska na watsa ta, amma a cikin rami ko ɗakin da aka gina da gurɓatacciyar ƙasa sai ta taru, mutum ya yi ta shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya radon a matsayi na biyu, bayan taba sigari, cikin abubuwan da ke jawo sankarar huhu, kuma binciken da aka yi kan mahaƙan yuraniyom a Jamus, Kanada, Amurka da Faransa ne ya fi tabbatar da hakan. Shi kansa yuraniyom, in ya shiga ruwan sha, ƙoda ya fi yi wa illa. Ga kuma ƙura: a wurin da guguwar rairayi ba baƙuwa ba ce, tulin dusar da aka bari a buɗe ba ya zama wuri ɗaya.

Ƙa'idar da akasarin ƙasashe ke bi ita ce kada tururin da wani aiki ke ƙara wa mutumin gari ya wuce milisibat 1 a shekara (milisibat shi ne ma'aunin tururin da jiki ya sha), ma'aikaci kuma milisibat 20. A kan waɗannan alƙaluma biyu aka yi yawancin jayayyar.

Aghir In'Man

Wajen ƙarshen shekarun 1990 wasu ma'aikatan SOMAÏR suka lura abokan aikinsu na mutuwa bi da bi, ba a kuma ba iyalansu gamsasshen bayani. Ɗaya daga cikinsu, Almoustapha Alhacen, ya jagoranci kafa ƙungiyar Aghir In'Man, wadda ma'anar sunanta a harshen Tamashek ita ce garkuwar rai. Yana cikin aikin kamfanin ya kafa ta, abin da ba ƙaramar kasada ba ne a garin da albashin kusan kowa ke fitowa daga aljihu ɗaya.

Tsofaffin ma'aikata sun shaida wa ƙungiyar cewa a shekarun farko ba takunkumin hanci ba safar hannu suke shiga rami, a wurin aikin suke cin abinci, su koma gida da kayan aiki a jiki, matansu su wanke. Babu wanda ya zaunar da su ya yi musu bayanin tururi. Sai dai shaidar baki ba ta da nauyi a gaban kamfanin da ke riƙe da takardun awo, don haka ƙungiyar ta nemi masu awo na waje. Ta tuntuɓi CRIIRAD, wani ɗakin bincike mai zaman kansa da ke birnin Balans na Faransa, wanda aka kafa a 1986, bayan fashewar tashar nukiliya ta Canobil, saboda mutane sun daina yarda da alƙaluman hukuma.

Abin da awo ya nuna

A watan Disamban 2003 injiniyan CRIIRAD Bruno Chareyron da wakilan ƙungiyar lauyoyi ta Sherpa suka iso Nijar. Tun a filin jirgin saman Yamai aka ƙwace musu manyan na'urorinsu. Da ɗan abin da ya rage musu suka yi aikin, suka kuma ɗebi samfurin da aka auna daga baya a Faransa.

Abin da ya fi ɗaga hankali a kasuwa aka same shi. Tsofaffin bututu da guntayen injina da suka fito daga matatar, cikinsu ya yi kanta da radiyom, suna zube a rumfunan masu sayar da ƙarafa. A gari irin Arlit ƙarfe ba ya zama shara: maƙeri zai mayar da shi ƙofa, ko murhu, ko jigon rufin ɗaki, ko wani abin amfanin madafa. Bututun da ya yi shekaru yana ɗaukar ruwan matata sai ya ƙare a tsakar gidan da yara ke wasa, kuma ido ba ya bambance shi da kowane ƙarfe. Haka nan an tarar da tururin da ke cikin ruwan wasu rijiyoyi ya haura mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya. A 2007 kuma aka gano cewa an yi cikon wani titi a Akokan, gab da asibitin COMINAK, da duwatsun da aka fito da su daga rami, inda na'ura ta nuna tururin da ya ninka na yau da kullum har sau 100.

A watan Nuwamban 2009 ƙungiyar Greenpeace ta je da nata masu awon, ta fitar da rahoto a watan Mayun 2010 tare da CRIIRAD. Cikin samfurin ruwa 5 da aka ɗiba a yankin Arlit, 4 sun wuce mizanin yuraniyom na Hukumar Lafiya ta Duniya na wancan lokaci. A wani wuri a titunan Akokan tururin ya kusa ninka na yau da kullum sau 500, ta yadda wanda ke zama a wurin ƙasa da awa ɗaya kullum zai haura iyakar shekara. Rahoton ya ƙiyasta dusar da aka tara ta kai tan miliyan 35, ruwan ƙarƙashin ƙasa da aka zuƙe cikin shekara 40 kuma lita biliyan 270. Wannan ruwan tsohon ajiya ne tun zamanin da Sahara ke da damina, ba ya dawowa.

Martanin kamfani da shari'a

Areva ta dage cewa tana bin ƙa'idojin duniya, cewa abin da mazauna ke samu bai wuce milisibat 1 ba, cewa kuma asibitocinta na duba jama'a kyauta. Game da titunan Akokan dai ta amsa, ta kwashe wuraren da aka nuna, ta kuma shiga bin garin da na'ura. Matsin lamba daga waje ya taimaka: a watan Janairun 2008 wasu ƙungiyoyin Suwizalan sun ba kamfanin lambar kunya a Dabos, lokacin taron tattalin arzikin duniya, a kan batun Nijar.

A 2009 Areva da Sherpa suka ƙulla yarjejeniyar kafa cibiyoyin sa ido kan lafiyar tsofaffin ma'aikata a Gabon da Nijar. Ta jihar Agadas ta fara aiki a ƙarshen 2011. Shekara guda bayan haka Sherpa ta janye, tana cewa abin ya koma gyaran suna, diyyar da aka biya kuma iyalan Faransawa kaɗan ne suka samu, ba 'yan Afirka ba.

Shari'ar da ta fi yin amo ma ta Bafaranshe ce, wanda ya yi aiki a COMINAK daga 1978 zuwa 1985, sankarar huhu ta kashe shi a 2009. A watan Mayun 2012 wata kotu a Melun ta ɗora wa Areva laifi. A 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta soke hukuncin, bisa hujjar cewa COMINAK, kamfanin da ke da rajista a Nijar, shi ne ya ɗauki mamacin aiki, ba Areva ba. Idan iyalin da ke da lauyoyi da takardun asibitin Faransa sun ƙare a haka, ba wuya a gane matsayin lebura ɗan kwangila da ya koma ƙauyensu ya rasu.

A nan gizo ke saƙar. Sankarar da radon ke jawowa kan ɗauki shekara 10 zuwa 30 kafin ta bayyana, kuma ba ta da wata alama da ta raba ta da wadda taba ta jawo. Ba a iya tabbatar da ita sai ta hanyar bin dubban ma'aikata shekara da shekaru, a san yawan tururin da kowa ya sha da abin da ya kashe shi. Masu fafutukar na zargin asibitocin kamfani da rubuta wasu cututtuka dabam a madadin cutar aiki, kamfanin na musantawa. Na'ura na iya nuna cewa titi ya gurɓata, amma ba ta iya faɗin wanda titin ya kashe, shi ya sa nasarorin da aka samu suka fi yawa a ɓangaren kwashe ƙarafa da rufe rijiyoyi, suka yi ƙaranci a ɓangaren diyya.

Dangantaka da fafutukar duniya

Salon Arlit, wato jama'a su nemo awo na kansu su tunkari hukuma da shi, tsoho ne a wannan fage. A 1958 likitoci da iyaye a birnin Sen Luwis na Amurka suka fara tattara haƙoran da yara ke famfara, aka samu sinadarin sitirontiyom-90 na gwajin bama-baman nukiliya a cikinsu, abin da ya ƙara matsin da ya kai ga yarjejeniyar hana gwaji a sararin sama ta 1963. Mahaƙan yuraniyom 'yan ƙabilar Nabaho ta Amurka ma sun yi shekaru suna kai ƙara kafin Amurka ta yi dokar biyan diyya a 1990. Ƙungiyar likitocin duniya masu yaƙi da yaƙin nukiliya, wadda ta samu lambar Nobel ta zaman lafiya a 1985, ta yi kira a taronta na Basel a 2010 da a daina haƙar yuraniyom gaba ɗaya. Mutanen Arlit ba duka suka kai can ba, domin da yawansu aikin suke so ya ci gaba, a dai gyara shi. A 2017 aka ba Almoustapha Alhacen lambar yabo ta duniya da ake bai wa masu fafutukar rabuwa da nukiliya.

Bayan rufe COMINAK

Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe COMINAK bayan ma'adinin ya ƙare, ta fitar da kusan tan 75,000 na yuraniyom a tsawon rayuwarta. Ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, ban da na 'yan kwangila. Ta bar tulin dusa na kusan tan miliyan 20 a fili mai faɗin kadada 120. Shirin da Orano ya yi a lokacin shi ne a lulluɓe shi da yumɓu da duwatsu masu kaurin mita 2, aikin da aka tsara zai ci kusan shekara 10, a biyo da wasu shekaru na sa ido. CRIIRAD da ƙungiyoyin garin suna ganin rufin sama bai magance abin da ke tsiyaya ta ƙasa zuwa ruwan sha ba.

Sai kuma siyasa ta shigo. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 dangantaka ta yi tsami tsakanin Yamai da Paris. A watan Yunin 2024 gwamnati ta ƙwace lasisin Imuraren, wani babban wurin yuraniyom da ke kudu da Arlit, daga Orano, a Disamba kamfanin ya ce SOMAÏR ta fita daga ikonsa, a watan Yunin 2025 kuma Nijar ta sanar da mayar da SOMAÏR mallakin ƙasa. Orano ya kai ƙara gaban kotunan sasanci na ƙasa da ƙasa. Wannan sauyi ya mayar da tsofaffin tambayoyin Aghir In'Man, na wa zai auna, wa zai duba marasa lafiya, wa zai biya kuɗin gyara, zuwa teburin gwamnatin Nijar, wadda a da take cikin masu hannun jari, yanzu kuma ita ce mai ramin da ake haƙa.