Yadda LibreOffice ke gane Java a kwamfuta

Java Runtime Environment, wato JRE a taƙaice, shi ne ɓangaren Java da ke sa manhajar da aka rubuta da yaren Java ta tashi a kwamfuta. Kamfanin Sun Microsystems ne ya fitar da Java a 1995, shi ne kuma ya sayi StarOffice, wata manhajar aikin ofis, a 1999 ya mayar da ita OpenOffice.org, shi ya sa tun farko Java ta shiga jikin manhajar, LibreOffice da ta ɓalle daga OpenOffice.org a 2010 ita ma ta gaji abin.

A cikin LibreOffice, Writer na rubutu da Calc na lissafi ba su cika buƙatar Java ba, amma Base, ɓangaren rumbun bayanai, kam dole ne in ana aiki da injin HSQLDB da ke ajiye bayanai a ciki, domin da Java aka rubuta shi, haka ma Report Builder mai haɗa rahoto. To sai mutum ya saka Java lafiya lau amma manhajar ta ce ita ba ta ga komai ba.

Wurin dubawa shi ne Tools, sai Options, sai LibreOffice, sai Advanced, a nan ake sa alama a Use a Java runtime environment, in jerin Java da ke ƙasa babu komai a danna Add a nuna mata foldar da Java take, sannan a rufe manhajar gaba ɗaya a sake buɗewa. A Mac kuwa ta Preferences ake shiga, kuma can JDK take so, wato Java Development Kit, cikakken kunshin Java na masu rubuta manhaja, ba JRE kaɗai ba.

Babban abin da ke kawo matsalar, kuma gaskiya shi ya kamata a fara dubawa kafin a ɓata data ana sake saukewa, shi ne rashin daidaiton bit, wato manhaja kan zo iri biyu, mai bit 32 da mai bit 64, LibreOffice mai bit 64 ba za ta taɓa ganin Java mai bit 32 ba ko sau nawa aka nuna mata foldar, Apache OpenOffice, magajiyar OpenOffice.org, ta Windows kuma bit 32 ce don haka Java mai 32 take nema ko da Windows ɗin mai 64 ne.

A Ubuntu da Debian, nau'o'in Linux, sai an ƙara saka kunshin libreoffice-java-common tare da default-jre. In duk an yi haka abin ya ƙi, akwai fayil da sunansa ya fara da javasettings a foldar config da ke cikin foldar da LibreOffice ke ajiye saitunan mai amfani, a goge shi, manhajar za ta ƙirƙiri sabo ta sake neman Java da kanta.