Waiwaye: Bakin Injin Roka da Matsalar Matsin Iska

Manomin rani a fadamar Auyo ko Haɗeja ya san cewa idan ya matse bakin tiyon injin ban-ruwa da yatsa, ruwan yakan ƙara gudu. A kan wannan ƙa'ida injin roka ya ginu, sai dai iskar gas mai zafi ta bambanta da ruwa, domin bayan ta ratsa maƙogwaron injin tana buƙatar baki mai buɗewa kamar ƙararrawa kafin gudunta ya ninka na sauti. Injiniyan Suwidin Gustaf de Laval ne ya ƙera irin wannan baki a 1888 don injin tururi, kuma Robert Goddard na Amurka ya ɗauko shi zuwa roka, har ya harba ta farko mai amfani da man ruwa a 1926.

Matsalar ita ce iskar duniya ba ɗaya take ba daga ƙasa zuwa sama. A tsayin kilomita 5.5 matsinta ya ragu da kusan rabi, can a sararin samaniya kuwa babu shi. Baki mai faɗi sosai shi ya dace da sarari, amma idan aka kunna shi a ƙasa, iskar waje takan kutsa ciki ta ɓamɓare hayaƙin daga bango, abin da ke jijjiga injin har ya iya lalata shi. Ƙaramin baki kuma yana aiki lafiya a ƙasa, ya yi asarar ƙarfi a sama. Injin RS-25 na kumbon Amurka, duk da ingancinsa, ƙarfin tunkuɗarsa a ƙasa yana gaza na sarari da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ganin cewa kayan da roka ke kai wa falaki yawanci ba sa wuce kashi 4 cikin ɗari na nauyinta.

Tun a shekarun 1960 kamfanin Rocketdyne ya gwada baki mai tsini, wanda ya juya tsarin ƙararrawa ciki waje: hayaƙin yana bin jikin tsinin, iskar waje kuma ta zama masa bango, ta matse shi a ƙasa, ta sake shi a sama. Hukumar NASA da Lockheed Martin sun ɗora burinsu a kansa a shirin kumbon gwaji na X-33, aka ƙera injin XRS-2200, aka kuma kunna shi a ƙasa. An soke shirin a 2001, bayan tankin haidirojin ya lalace a gwajin 1999, ba don injin ya gaza ba. Akwai kuma baki mai ƙararrawa biyu, ta farko don ƙasa, ta biyu don sama, wanda cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus, DLR, ta daɗe tana gwadawa a Lampoldshausen. Wahalarsa tana lokacin da hayaƙin zai tsallaka daga ƙararrawa ta farko zuwa ta biyu.

A ganina, abin da ya hana waɗannan dabaru kai tauraron ɗan'adam falaki har yau shi ne an riga an sami mafita mai sauƙi, wato raba roka hawa biyu, kowane da bakin da ya dace da shi. A rokar Falcon 9, girman filin bakin injin Merlin na ƙasa ya ninka na maƙogwaronsa sau 16, na sarari kuwa sau 165. Tsinin kuma yana zaune ne a tsakiyar wuta, sanyaya shi yana ƙara nauyin da ke cinye ribar.

Maganar ta sake tasowa ne saboda na'urorin da ke ɗab'a ƙarfe sun sauƙaƙa ƙera ƙananan hanyoyin sanyaya, har kamfanin Pangea na Sifaniya ya kunna baki mai tsini da iskar metan a 2021. Najeriya dai hayar rokar wasu ƙasashe take yi don harba taurarinta: NigeriaSat-1 daga Plesetsk ta Rasha aka harba shi a 2003, NigComSat-1R kuma daga Xichang ta Sin a 2011. Hasashen damina da manoman Jigawa ke saurare a rediyo yana dogara da taurarin da aka biya kuɗin ɗagawa gwargwadon nauyinsu, saboda haka duk kilon da bakin inji ya ƙara wa roka yana shiga lissafin mai haya.