Me ake nufi da "sufahiro", kuma me ya kai shi filin daga?

A wajen mai kallo na gida rabon fim ba shi da wuya: ga jarumi, ga bos, ga yaran bos da za a yi ta kirɓa kafin a kai ga ubangidansu. Shi ya sa da kalmar superhero ta shigo bakin matasa, wasu na cewa sufahiro, da yawa suka ɗauka jarumi ne aka ƙara wa gishiri. Alhali sojan da ya kutsa daji shi kaɗai da bindiga ya kwaso fursunoni jarumi ne, amma bai zama sufahiro ba.

Sufahiro sai ya zo da abin da ɗan Adam bai da shi: ko tashi sama, ko ƙarfin ɗaga mota, ko kuma dukiya da na'urorin da suka kai shi wannan matsayi. Sai ya kasance da shigarsa ta musamman, da tambarinsa a ƙirji, da laƙabin da ya rufe sunansa na yanka. Kuma ba don albashi yake faɗa ba, shi ya ɗora wa kansa kare mutane. In za a nemo masa ɗan'uwa a cikin abin da muka sani, to ɗan tauri ne da wuƙa ba ta ci, ko sadaukin littattafan yaƙi mai tarwatsa runduna shi kaɗai. Sai dai shi ba laya ba ce ko guru. Akasari kimiyya ake jingina wa abin, ko a ce daga wata duniyar ya faɗo.

Gidansa na asali kuwa komik ne, wato ɗan littafin da ake ba da labari da zane, akwati bayan akwati, maganar kowa na rubuce a wani ɗan kumbo saman kansa. A 1938 wasu samari biyu, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka fito da Superman a fitowar farko ta Action Comics, ana sayar da ita santi 10. Daga nan kasuwa ta buɗe. A lura da shekarar: saura shekara guda Hitila ya auka wa Folan. Ashe sufahiro da yaƙin duniya na biyu kusan tagwaye ne, kuma wanda ya yi fim ɗin sufahiro a cikin wannan yaƙi bai ƙaƙaba masa wani baƙon abu ba, gida ya mai da shi.

Wanda ya fi kowa nuna haka shi ne Captain America. Joe Simon da Jack Kirby suka ƙirƙire shi, dukansu Yahudawa ne 'ya'yan baƙin haure a jihar New York, suna yi wa kamfanin Timely aiki, wanda daga baya ya zama Marvel. Littafin farko na ɗauke da kwanan watan Maris 1941, amma tun Disamba 1940 ya shiga kasuwa, kuma abin da ke bangonsa shi ne Kyaftin ya narka wa Hitila naushi a muƙamuƙi. A lokacin Amurka ba ta shiga yaƙin ba, sai bayan shekara guda, da Japan ta kai hari Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba 1941. Amurkawa da dama na cewa rigimar Turai ce, ba ruwansu. Don haka wannan bango tsokana ce da gangan, kuma ta samu shiga: littafin ya yi kasuwa ƙwarai, masu goyon bayan 'yan Nazi kuma suka dinga aiko da wasiƙun barazana. Shi Kirby daga baya an ɗauke shi soja, ya yi yaƙi a Faransa, sanyi ya kusa cinye masa ƙafafu.

To amma akwai ƙashi a cikin naman, kuma tun wancan zamani marubutan suka ci karo da shi. In har akwai mutumin da harsashi ba ya huda shi, me zai hana ya gama yaƙin kafin la'asar? A 1940 mujallar Look ta buga wani labarin Superman mai shafi biyu, inda ya cafko Hitila da Stalin ta wuyan riga ya kai su Janeba gaban shari'a. Abin dariya ne muddin yaran mutane ba su fara dawowa a cikin akwati ba. Da Amurka ta shiga yaƙin sai marubutan suka nemi dabara: Clark Kent, wato Superman a shigarsa ta mutane, ya je gwajin shiga soja, idonsa mai ratsa bango ya karanto allon haruffan ɗakin da ke maƙwabtaka, likita ya ce bai gani sosai, aka sallame shi. Suka bar shi a gida yana kama 'yan leƙen asiri. Sun gane cewa in gwarzon ƙarya ya ci yaƙin gaske, an ci mutuncin wanda ya mutu a cikinsa.

Da wannan ma'auni nake auna irin waɗannan finafinai, kuma da shi nake ganin Captain America: The First Avenger na 2011 ya fi yadda ake ɗaukarsa. Joe Johnston ya ba da umarni, Chris Evans ya fito a Steve Rogers, wato sunan yankan Kyaftin. Masu lissafin kuɗi ba sa sa shi a sahun gaba, don abin da ya tara a duniya wajen dala miliyan 370 ne, kuma a gidan Marvel wannan ba abin buga ƙirji ba ne. Amma kashi na farko na fim ɗin ya san abin da yake yi.

Ya daɗe bai ba Steve ƙarfi ba. Muna ganinsa ɗan firit, ga asma, ga jerin cututtuka a takardarsa, ana ta korarsa daga wajen ɗaukar soja yana sake garin da ya ce ya fito yana komawa. Da kwamfuta aka tsuke jikin Evans har ya koma haka, kuma aikin ya yi kyau, don ba ka ganin ɗinkin. A bayan wani gidan silima a Brooklyn wani ƙato na jibgarsa, ya ɗauki murfin kwandon shara ya kare kansa, ya faɗi ya tashi, ya faɗi ya tashi. Garkuwar da za a san shi da ita ke nan tun ba a ƙera ta ba. A sansanin horo kuma Kanar Phillips, mai son a zaɓi ƙaƙƙarfa a gwada masa maganin ƙara ƙarfi, ya wurga gurneti cikin kuratan don ya nuna wa likita Erskine, mai maganin, kuskurensa na zaɓar Steve. Kowa ya watse, har da ƙaton da Kanar ke yabo. Steve ya faɗa kan gurnetin ya dunƙule, yana daka wa mutane tsawa su ja baya. Gurnetin na bogi ne, amma shi bai sani ba.

Nan ma'anar take. Maganin da Erskine ya haɗa ba ya sauya hali, abin da ya tarar a cikin mutum shi yake kumburawa. An taɓa gwada shi a kan Johann Schmidt, ya fito da Red Skull, bos ɗin fim ɗin. Da likitan ya tambayi Steve ko so yake ya je ya kashe 'yan Nazi, amsar da ya bayar ita ce shi ba ya son kashe kowa, masu cin zali ne ba ya so, ko daga ina suke. Wato fim ɗin ya gama nuna maka gwarzon tun yana rangaji, tsokar da ta zo daga baya kayan aiki ce kurum. Kuma wannan ya sassauta waccan matsala, domin Kyaftin ba Superman ba ne. Harsashi na huda shi, ba ya tashi sama, ba zai iya gama yaƙi shi kaɗai ba.

Abin da ya fi burge ni ma shi ne yadda fim ɗin ya yi wa asalinsa dariya. Bayan an harbe Erskine, maimakon a tura Steve daga, sai wani sanata ya sa masa kaya masu launin tuta, aka haɗa shi da 'yan mata masu rawa, yana yawo gari gari yana tallar takardun lamunin yaƙi. Kullum a kan dandamali sai ya naushi wani mai wasan Hitila, yara na tafi, har ana raba musu wancan komik na 1941. Da aka kai wasan Italiya gaban sojojin da suka ga mutuwa da idonsu, sai suka yi masa ature, suka ce a dawo musu da 'yan matan. Aka nuno shi a zaune cikin ruwan sama yana zana biri a kan keke mai taya ɗaya. Fim ɗin da aka gina a kan ɗan farfaganda ya tsaya ya ce maka ga yadda farfaganda take, ga kuma yadda take wari a hancin wanda ke cikin rami. Ba kowane darakta zai yarda ya kunyata jaruminsa haka ba.

Daga nan ne kuma ƙafar ta fara zamewa. Da Steve ya ceto fursunoni ya zama kyaftin na gaske, sai fim ɗin ya hau gudu, hare-hare da yawa aka dunƙule su cikin 'yan mintoci ana kiɗa. Babban laifin ma ba wannan ba ne. An ture Hitila gefe an kawo ƙungiyar Hydra, wadda ta ɓalle daga 'yan Nazi har tana shirin jefa wa Balin bam. Sojojinta fuska a rufe, makamansu na fitar da shuɗin haske, wanda ya taɓa sai ya ɓace ɓat, ba jini ba gawa. Yaƙin da aka hallaka Yahudawa miliyan 6 a cikinsa, ga shi an wanke shi tas, ba a nuna sansanin kisa ko ɗaya ba. Na san dalilin: ana son yara su shiga kallo, ana son a sayar da fim a ko'ina, har ma a Rasha da Yukiren da Koriya ta Kudu an cire sunan Kyaftin daga take an bar The First Avenger kawai. Amma Simon da Kirby sun kira azzalumin da sunansa lokacin da yin hakan ke da haɗari, su kuwa waɗannan sun kauce masa shekara 70 bayan nan.

Haka rundunar Kyaftin: ga Gabe Jones baƙar fata, ga Jim Morita ɗan asalin Japan, ana ci tare ana sha tare. Daɗin gani gare shi, sai dai sojan Amurka na lokacin a rarrabe yake bisa launin fata, sai a 1948 Shugaba Truman ya sa hannu a kan dokar hana hakan, kuma a lokacin yaƙin 'yan asalin Japan wajen 120,000 na tsare a sansanoni cikin Amurka. Komik ɗin kansa ya fi fim ɗin ƙarfin hali a nan, don a 2003 Marvel ta fitar da labarin Isaiah Bradley, inda aka gwada maganin a kan baƙaƙen sojoji, har da shi. Mu da kakanninmu 'yan mazan jiya suka yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, mun saba da a ba da labarin wannan yaƙi a tsallake wasu.

Wonder Woman na 2017, na Patty Jenkins, ya bi wata hanyar. A komik ta fito ne a 1941, amma fim ɗin ya mai da ita 1918, yaƙin duniya na ɗaya, inda ba wani Hitila da za a ɗora wa komai. Ta tsallaka filin da ke tsakanin ramukan daga a Beljiyam ta 'yanto wani ƙauye, washegari aka zuba wa ƙauyen iskar guba. Ta kashe Janar Ludendorff tana zaton shi ne tushen fitinar, yaƙi bai tsaya ba. Wannan ya fi gaskiya nesa ba kusa ba. Sai ga shi a ƙarshe an fito mata da gunkin yaƙi Ares ana jifa da tankoki, aka rushe abin da aka gina.

Shi kuwa na Kyaftin, duk da zamewarsa, ya sauka daidai. Bayan yaƙi kasuwar komik ɗinsa ta mutu, wajen 1950 aka daina bugawa, ƙoƙarin tayar da shi a matsayin mai farautar 'yan gurguzu bai yi tasiri ba. A 1964 marubucin Marvel Stan Lee da Kirby suka dawo da shi da hujjar cewa ƙanƙara ce ta daskarar da shi tun ƙarshen yaƙi. Fim ɗin ya ɗauki wannan dabarar kasuwa ya mai da ita rashi. Steve na tuƙa jirgin bama-bamai zai dulmiya shi cikin ƙanƙara, masoyiyarsa Peggy Carter na kan rediyo, suna sa ranar zuwa rawa: Asabar ta sama, ƙarfe 8, kar ya makara, shi kuma yana tuna mata bai iya rawa ba. Magana ta yanke. Aka ci yaƙin ba da shi ba, mutanen Landan na murna a titi. Da ya farka ya ruga waje ya tsinci kansa a tsakiyar New York ta yau, aka ce masa ya yi barcin kusan shekara 70, aka tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya lau, alkawari ne dai yake da shi da wata.