Stdout da stderr

Stdout da stderr hanyoyi biyu ne da manhajar kwamfuta ke bi ta fitar da rubutu. Ta farko ta sakamakon aiki ce, ta biyu kuwa ta saƙon kuskure da gargaɗi. A tsarin Unix da masu bin sawunsa irin su Linux, kowace manhaja kan tashi da ƙofofi uku a buɗe, kowace da lambarta: 0 ta karɓar bayani, 1 ta stdout, 2 ta stderr. Idan ba a karkatar da su ba, na biyu da na uku duk a allo suke zuba, shi ya sa mai koyo kan ɗauka abu ɗaya ne.

Asali

Ken Thompson da Dennis Ritchie ne suka fara Unix a Bell Labs da ke Amurka a 1969. A 1973 aka shigar da bututu bisa shawarar Douglas McIlroy, wato abin da manhaja ɗaya ta fitar ya zarce kai tsaye cikin wata. Daga nan matsala ta kunno kai. Saƙon kuskure kan bi bututun tare da sakamako, har ya kai ga injin tsara rubutun ɗab'i ya buga shi a takarda mai tsada, mai aikin kuma bai ga komai a allonsa ba. Irin wannan asara ce ta sa aka ware wa kuskure ƙofarsa a shekarun 1970.

Kama abin da manhaja ta fitar

Umarnin `shiri > fayil.txt 2>&1`, inda `shiri` ke madadin sunan manhajar, yana tura hanyoyin biyu cikin fayil guda. Jerin yana da muhimmanci: idan `2>&1` ya riga `> fayil.txt` zuwa, kurakuran a allo za su tsaya.

Akwai tarko biyu da suka fi kama mutane. A harshen C, idan stdout na zuba cikin fayil ko bututu, ana tara rubutun ne sai ma'ajiya ta cika kafin a sake shi, alhali stderr ba ya jira. Sai ka buɗe fayil ka tarar saƙon kuskure ya riga layin da ya gabace shi, ko kuma manhaja ta mutu da layukanta na ƙarshe a ciki, waɗanda su ne aka fi bukata. Na biyu ya fi ɗaure kai. Bututu a Linux na ɗaukar bayit 65,536 ne idan ba a sauya ba. Idan uwar manhaja, wato wadda ta tayar da wata, tana karanta stdout ɗin 'yar kaɗai, 'yar kuma ta cika bututun stderr, sai kowace ta zauna jiran 'yar'uwarta, aiki ya tsaya cik ba tare da wani saƙo ba. Don kauce wa haka ne harshen Python ke da `communicate()`, mai kwashe duka biyun.

Idan rajistar kanta ta gaza

Manyan manhajoji kan adana abin da ke faruwa a rajistar aiki, wadda masu sana'ar ke kira log. Eric Allman ya ƙirƙiro tsarin rajista na syslog a shekarun 1980 don Sendmail, manhajar aika imel, kuma matakan tsananinsa takwas, daga 0 na gaggawa zuwa 7 na bin diddigi, suna nan har yau. To amma rajista ma kan gaza: faifai ya cika, ko a rasa izinin rubutu. Sashen logging na Python, wanda ya zo da siga ta 2.3 a 2003, ba ya bari kuskuren da ya faru yayin rubuta saƙo a rajista ya kayar da manhajar. Yakan miƙa lamarin ga `handleError`, a buga bayanin a stderr. Hikima ce mai kyau, da sharaɗin akwai mai duba stderr ɗin. Wanda ya tura shi `/dev/null`, inda duk abin da aka zuba ke ɓacewa, ya toshe wa kansa kunne.

Gazawa mafi muni ita ce ta Log4j, manhajar rajista ta gidauniyar Apache, wadda ta bayyana a Disamba 2021 da sunan Log4Shell. Rubuta wani ɗan layi mai farawa da `${jndi:` cikin rajista kaɗai ya isa ya sa sabar ta ɗauko umarnin maharin daga nesa ta aiwatar. An ba raunin maki 10 cikin 10 a ma'aunin tsanani, kuma sai da aka fitar da gyara fiye da ɗaya a cikin watan kafin a rufe ɓarakar.