Karayar Arzikin Kulob ɗin Ƙwallon Ƙafa da Jiran Mai Saye

Karayar arzikin kulob ɗin ƙwallon ƙafa ita ce kulob ya kai matsayin da ba ya iya biyan bashin da wa'adinsa ya cika, kamar albashin 'yan wasa da ma'aikata, da haraji, da ragowar kuɗin 'yan wasan da ya saya. A ƙasashen da kulob yake kamfani mai rajista, irin su Ingila da Italiya da Faransa, doka ce ke raba gardama, kuma mafita yawanci ɗaya ce, wato a sami mai saye. Daga ranar da aka karɓe kulob daga hannun mai shi zuwa ranar da sabon mai shi zai zube kuɗi akan yi watanni ana zaman jiran tsammani. A wannan tsakanin ne fushin magoya baya ya fi tsananta, domin su ne suka fi kowa damuwa da kulob ɗin, kuma doka ba ta ba su ta cewa a cinikin ba.

Yadda kulob ke karyewa

Kuɗin kulob na shigowa ne daga haƙƙin nuna wasa a talabijin, da tikiti, da tallace-tallace, da sayar da 'yan wasa. Babban abin da ke cinye su shi ne albashi. A Ingila ratar kuɗin talabijin tsakanin gasar Firimiya da gasar Championship da ke ƙasanta tana da girma ƙwarai, shi ya sa masu kulob-kulob ke cin bashi su sayi 'yan wasa da fatan haurawa. An yi kakannin wasa da dama da jimillar albashin ƙungiyoyin Championship ta zarce jimillar kuɗin da suka samu. Giɓin kuwa mai kulob ne ke cike shi daga aljihunsa, galibi da sunan rance. Ranar da ya gaji, ko kasuwancinsa ya sami matsala, sai asiri ya tonu.

Misali, Leeds United ta buga wasan kusa da na ƙarshe a gasar Zakarun Turai a 2001 da kuɗin da ta ranto, a 2007 kuma ta faɗa gasa ta uku.

Matakin doka da hukuncin gasa

A Birtaniya, idan kulob ya kasa, akan danƙa shi ga ƙwararrun akantoci masu lasisi su riƙe shi riƙon ƙwarya. Da zarar sun shiga, masu bin bashi ba su da ikon kai ƙara a rufe kamfanin sai da izini. Aikin waɗannan masu riƙo shi ne su samo wa masu bin bashi abin da ya fi tsoka, kuma ladan aikinsu daga dukiyar kulob ɗin yake fita. Magoya baya kan ɗauke su a matsayin masu ceto, daga baya su gane cewa ba don su aka kawo su ba.

Hukumomin gasa suna da nasu hukuncin. Gasar Firimiya tana cire maki 9, hukumar EFL mai kula da gasanni uku na ƙasa tana cire 12. Akwai kuma ƙa'idar da ke cewa sai an biya 'yan wasa da sauran kulob-kulob haƙƙinsu cikakke kafin a bar kulob ya ci gaba da wasa. Sauran masu bin bashi, irin su mai kawo abinci da mai gyaran wuta da mai motar haya, sukan tashi da ɗan abin da ya samu. Wannan ƙa'ida ta sha suka, har hukumar harajin Birtaniya ta ƙalubalance ta a kotu a 2012 amma ba ta yi nasara ba. Idan ba a sami mai saye ba sai a rushe kamfanin. An rushe kamfanin Rangers ta birnin Gilasgo a 2012, ƙungiyar ta sake farawa daga gasa ta huɗu. A Italiya ma Fiorentina a 2002, da Napoli a 2004, da Parma a 2015 duk sun karye sun sake tasowa daga ƙasa.

Abin da ke hana ciniki faɗawa

Mai son saye sai ya nuna shaidar cewa yana da kuɗin, ya faɗi inda ya samo su, sannan ya tsallake tantancewar hukumar gasa. Da yawa a nan suke maƙalewa. Kulob ɗin da ya karye yakan jawo masu neman suna, waɗanda za su cika jaridu da alkawari, ranar biya kuma a neme su a rasa. Wani lokaci filin wasan ba na kulob ba ne, tsohon mai shi ya riga ya mayar da shi ƙarƙashin wani kamfaninsa, don haka ciniki ɗaya ya zama biyu. Ga bashin haraji, ga ƙararrakin da ba a san nawa za su ci ba.

Derby County ta haɗa kusan dukkan waɗannan. An karɓe ta daga hannun Mel Morris a watan Satumba na 2021, aka cire mata maki 12, bayan wata biyu aka ƙara 9 saboda saɓa ƙa'idar kashe kuɗi. Filin Pride Park yana hannun Morris. Middlesbrough da Wycombe kuma suna neman diyya, abin da ya sa masu saye suka yi ta ja da baya. Wayne Rooney, wanda yake kocin ƙungiyar, ya riƙa haɗa tawaga da matasa saboda an hana shi sayen 'yan wasa. A Afrilun 2022 ƙungiyar ta faɗa gasa ta uku. A watan ne aka bayyana wani Ba'amurke, Chris Kirchner, a matsayin wanda za a sayar wa. Wa'adi ya zo ya wuce kuɗi ba su iso ba, a watan Yuni ya janye, Rooney ma ya ajiye aiki. Wani ɗan kasuwar gine-gine na yankin, David Clowes, wanda dama mai goyon bayan kulob ɗin ne, shi ya sayi filin sannan ya sayi kulob ɗin ranar 1 ga Yuli. Daga baya wata kotu a Amurka ta sami Kirchner da laifin zamba a harkar kamfaninsa.

Bury ba ta sami irin wannan sa'ar ba. An kafa ta a 1885, ta ci kofin FA a 1900 da 1903. An sayar da ita ga Steve Dale kan fam ɗaya a Disambar 2018, albashi ya tsaya, cinikin ƙarshe kuma ya wargaje ana dab da cikar wa'adi. Ranar 27 ga Agusta 2019, bayan magoya baya sun share filin Gigg Lane da hannunsu don shirin wasa, aka kori kulob ɗin daga EFL. Washegari aka kammala sayen maƙwabciyarta Bolton Wanderers, wadda ta kai har an buɗe wa ma'aikatanta wurin karɓar tallafin abinci.

Matsayin magoya baya

Mai goyon baya ba shi da hannun jari. In ya sayi tikitin kaka guda, a idon doka yana layin baya ne cikin masu bin bashi. Tattaunawar ciniki kuma a asirce ake yin ta, sai ya koma dogaro da jita-jita da gajerun sanarwa masu cewa ana samun ci gaba. Abin da ya rage masa shi ne zanga-zanga, da ƙaurace wa wasa, da matsa wa 'yan majalisa. Ƙauracewar ma takan raba kan magoya baya, domin kuɗin ƙofar da aka hana mai kulob su ne albashin mai yanke ciyawa.

Wasu sun wuce nan. Ƙungiyar magoya bayan Portsmouth ta tara kuɗi, kowane hannun jari fam 1,000, ta karɓi kulob ɗin a Afrilun 2013, ta riƙe shi har 2017. A Jamus ƙa'idar 50+1 ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobi. A Ingila rushewar Bury na cikin dalilan da suka kai ga binciken da 'yar majalisa Tracey Crouch ta jagoranta a 2021, wanda ya haifar da dokar 2025 ta kafa hukuma mai zaman kanta da ke sa ido a kan kuɗin kulob-kulob da masu su.

A Zariya da Nijeriya

A gidajen kallo na Sabon Gari da Samaru da Tudun Wada da cikin birni, yawancin masu kallo suna bayan manyan ƙungiyoyi ne da ba a cika jin sun karye ba. Duk da haka labarin ya taɓa su ta hanyar 'yan wasan gida. Nwankwo Kanu ne ya ci ƙwallo ɗaya tilo da ta ba Portsmouth kofin FA a 2008. Cikin kakar 2009 zuwa 2010 kulob ɗin ya sauya hannu tsakanin mutum huɗu, a Fabrairun 2010 ya zama na farko a gasar Firimiya da aka danƙa wa masu riƙo, aka cire masa maki 9, ya faɗa gasa ta biyu. Bolton kuwa a nan an san ta ne saboda Jay-Jay Okocha, wanda ya buga mata daga 2002 zuwa 2006. Ga mai kallo a Zariya, faɗuwar kulob na nufin ya ɓace daga allon gidan kallo, sai dai a bi sakamakonsa a waya, ga kuma tsiyar abokai a majalisa da wurin mai shayi.

Jiran mai saye da ya fi tayar da muhawara a nan ba na karayar arziki ba ne. Iyalan Glazer, waɗanda suka sayi Manchester United a 2005 da bashin da suka ɗora wa kulob ɗin, sun sanar a Nuwambar 2022 cewa za su saurari tayi. Masoya da yawa sun sa rai ga Shaikh Jassim na Ƙatar, sai ya janye a Oktoban 2023, aka ƙare da sayar wa Jim Ratcliffe kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

A gasar cikin gida cutar tana da wata kama. Kano Pillars da Katsina United da Wikki Tourists da El-Kanemi Warriors duk na gwamnatocin jihohi ne, don haka ba a ganin kotu ta karɓe su. Abin da ake gani shi ne jinkirin sakin kuɗi, da bashin albashi da alawus, da sauya shugabanni duk lokacin da gwamnati ta sauya. Na 'yan kasuwa kuwa rayuwarsu tana rataye ne a wuyan mutum ɗaya. Leventis United da Abiola Babes sun watse a ƙarshen shekarun 1980 suna cikin ganiyarsu, da masu su suka janye hannu. Ranchers Bees ta Kaduna, wadda ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofuna a 1988 ta kuma ci kofin WAFU na Yammacin Afirka a 1989, ta yi shekaru da dama ba ta cikin babbar gasa. Dokar kamfanoni ta 2020 ta shigo da tsarin riƙon ƙwarya irin na Birtaniya cikin dokokin Nijeriya, amma ƙungiyar da kasafinta ke fitowa daga ma'aikatar wasanni, makomarta a ofishin gwamna ake yanke ta.