Waiwaye: Daga motar majigi zuwa gwangwanayen da ke tsatsa a sito

Duk wanda ya haura shekara hamsin a ƙasar Kabi, in ka ce mishi majigi sai ka ga fuskarshi ta canza. Mota ce ke shigowa gari da la'asar sakaliya tana shela da lasifika, bayan isha'i a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin firamare, a tada janareta, yara a gaba cikin ƙura manya a baya, mai bayani na fassarawa da Hausa yana ƙara nashi gishirin.

Asalin abin daga Turawa ne. William Sellers, jami'in kiwon lafiya a Legas, shi ya fara yawo da fim yana koyar da tsafta, a 1939 kuma Ingila ta kafa Colonial Film Unit, sashen shirya fim don ƙasashen da take mulka, shi ke jan ragamarta. Daga baya gwamnatin Jihar Arewa a Kaduna ta gaji aikin, zamanin Sardauna, ana nuna noman auduga da gyaɗa, rigakafi, yaƙi da jahilci, rangadin manya. Yawanci faifan 16mm ne, wato mai faɗin milimita 16, wanda kamfanin Kodak ya fito da shi tun 1923.

To sai aka shiga rabon jihohi. Arewa maso Yamma 1967, Sakkwato 1976, Kebbi 1991, Zamfara 1996, duk rabo sai an kwashe kaya an raba motoci da kujeru da fayil, faifan fim kuwa ba mai rigima a kanshi balle da bidiyo ya shigo daga baya, kowa na ganin tsohon yayi ne.

Bara na shiga siton wani laburare nan wajenmu, na ishe gwangwanayen faifan fim jibge a ƙasa bayan tsofaffin jaridu. Na buɗe ɗaya da ƙyar saboda tsatsa, wani warin tsami ya buge ni har sai da na yi tari. Wanga wari shi ne alamar fim ya fara ruɓewa, robar na sakin asid, ta ƙanƙance ta lanƙwashe ta manne da juna, kuma yana harbin na kusa da shi. Sanyi da bushewa fim ke so, mu kuwa zafin Afrilu na wuce digiri 40, ga ɗaki rufe ba iska. Na zaro kamu ɗaya na ɗaga wajen taga, wallahi mutane ne cikin ruwa da homa da gora, raina ya ba ni Argungu ce. Ma'aikacin ya ce min, "Malam, tun da na kama aiki ba wanda ya taɓa tambayarsu sai kai."

Abin da ke ci min rai ke nan, ana cewa an adana alhali kulle su kawai aka yi. Faifan da ake fito da shi a warware a duba a sake naɗewa, shi ake gane ciwonshi da wuri. Kuma gyara na yiwuwa, fim ɗin Shaihu Umar na 1976 an ɗauka ya ɓace, aka tsinto faifanshi a ajiyar hukumar fina-finai ta ƙasa, cibiyar fim ta Arsenal da ke Jamus ta gyara aka nuna a birnin Berlin a 2018. Hukumar fina-finai ta ƙasa na da ma'adana a Jos, su ya kamata a fara tuntuɓa, a ware masu tsami daban, a rubuta me ke cikin kowane gwangwani, a kwafe su a kwamfuta amma kar a zubar da faifan. Tsofaffin direbobi da masu juya majigi na ma'aikatar yaɗa labarai kuma akwai sauransu a Birnin Kebbi da Gusau, su suka san zura fim a inji ba tare da ya tsinke ba, su kuma za su iya nuna fuska su ce wane ne wanga. A je a same su tun suna iya fitowa.